Ya da Ta a Ɗakin Masu Ciwon Ƙoda

Na daɗe ina ɗaga rubuta wannan, don duk sanda na zauna sai warin asibiti ya dawo min hanci, in miƙe in hau share ɗakin da na riga na share. Amma an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To ga namu gemun nan, ku duba. Labarin ciwon ƙanwata Falmata ne da jinyar da na yi mata. Allah ya sa wani ya amfana.

Sunana Bintu. Ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yanmata, ina zaune a unguwar Umarari. Babanmu Bakano ne da fatauci ya kawo shi Maiduguri, mamarmu Babarbariya ce, dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san Barebari ba ruwansu da ya da ta. A yarensu kalma ɗaya ce ke ɗaukar namiji da mace, shi ya sa in sun juyo Hausa za ka ji dattijo ya ce "matata ya haihu" ko ido bai ƙifta ba. Ni kuwa gyaran wannan shi ne abincina. Ina gyara wa ɗalibai, ina gyara wa mai kayan miya, har direban napep ban ƙyale ba. An san ni da haka a unguwa, ban dai ce ana ƙaunata saboda shi ba.

Falmata ta haura talatin, ba ta yi aure ba, tana da shagon turaren wuta da humra a Gomari ita da ƙawarta Zara. Ciwon ya fara ne da zazzaɓi da ciwon kai a tsakiyar zafi, daidai lokacin da suka karɓi aikin turaren wani babban biki. Maimakon ta kwanta sai ta aika kemis a haɗo mata ƙwayoyin kashe ciwo, tana watsa su baki kamar gyaɗa tana komawa gaban kasko. Da zazzaɓin ya ƙi sauka, Gwaggo Asabe, ƙanwar babanmu, ta iso da jarka cike da wani baƙin jiƙo, ta ce shawara ce, a sha safe da yamma a ga ikon Allah. Falmata ta sha. Ni ma ina wurin, ban hana ba, don wa zai ja da Gwaggo?

A mako na biyu takalminta ya daina shiga. Fuska ta kumbura, zobe sai da sabulu muka zare shi. Fitsari ya koma ɗan kaɗan, launin shayi, daga baya ma ya ɗauke. Duk abin da ta ci sai ya dawo. Ranar da ta dube ni ta ce, "Yaya, ke biyu nake gani, kuma duka biyun a hazo," ranar na tsayar da napep na ɗora ta, ban tsaya neman shawarar kowa ba.

Ba zan ambaci sunan asibitin ba, don akwai waɗanda nake yi wa addu'a a cikinsa, akwai kuma waɗanda na bar su da Allah. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin gwajin jini daban, in ka kai gaba a ce injin ya tsaya, je ka waje ka yi ka dawo. Na yi ta safa da marwa tsakanin gini da gini da 'yar kwalbar jini a hannu, rana na dukan ƙeyata. Wata nas ta daka min tsawa don na tambaye ta sau biyu. Wata kuma, Allah ya yi mata albarka, ta bar abincinta ta zo ta nemo jijiya a hannun da ya kumbura har ba a ganin komai.

Gwaji ya nuna ƙoda ce. Likitan ƙodar matashi ne, ba ya ɗaga murya. Ya tambayi abin da ta sha, na lissafa, ya rufe ido na ɗan lokaci. Sai ya ce wata magana da na riƙe kamar igiya: "Ƙodar ba ta mutu ba, suma ta yi. In muka riƙa wanke mata jini da inji har ta farfaɗo, akwai fata. In aka bari, gubar za ta taru ta tafi da ita."

Kuɗi kam ba zan shiga lissafinsu ba, don in na fara nawa jinin ne zai hau. 'Yan kunnen gwal na mamarmu dai sun tafi. Aka yi wankin farko. Aka soka mata bututu a wuya, ta yi ta karkarwa a ƙarƙashin barguna biyu a garin da ƙarfe ke ƙona hannu, ta fito kamar an matse ta an shanya. A bakin ƙofa kuma dangi na jira da nasu ilimin. Wannan ya ce wanda ya fara wankin ƙoda ba ya dainawa sai kabari. Waccan ta ce sammu ne, hassadar 'yan kasuwa. Gwaggo ta ce dama ba a gama jarkar ba ne. Zara tana zuwa kullum da kunun gyaɗa a fulas, Gwaggo na tare ta a baranda ta karɓi fulas ɗin ta ce majinyaciya na barci, kuma ai akwai dangi. Sai Zara ta koma gindin darbejiya ta zauna har a tashi masu ziyara.

Ɗakinmu na mata ne, gadaje a jere, fanka ɗaya ce ke juyawa, ita ma sai ta ga dama. A gadon da ke kusa da namu akwai Hajja Kaltum, tsohuwar Babarbariya mai haƙori ja da baki ba birki. Tun ranar farko ta dubi Falmata, ta gaishe ni da yarensu ta ce, "Wushe, Malama. Wannan yarinya bai ci komai ba, ka ba shi kunu." Na ciji harshena. Tsohuwa ce, kuma ba a aji muke ba.

Abin da ya fi damun Falmata ba allura ba ne, zaman ne. Ba ta iya barci, ba ta iya kallon waya, sai juyi take tana jan zanin gado. Ni ma haka, in zauna in tashi, in leƙa ledar fitsarin da ke rataye a gefen gado in ga babu komai, in fita baranda in dawo in sake leƙawa. Wata rana da hantsi ta miƙo min wayarta ta ce in karanta mata wani littafi da ke ciki. Na Turanci ne. Na fara, ban yi nisa ba Hajja Kaltum ta buga gefen gadonta.

"Malama, a nan ɗaki ko dabino ɗaya ne rabawa muke. Ka juya mana shi da Hausa."

Falmata ta ce ita ma kanta ba ya kama Turancin yanzu. Haka na koma ina karantawa da ido ina faɗa da Hausa.

Labarin wata ƙaramar masarauta ce ta Turawan da, zamanin takobi da ganuwa, inda agwagi suka fi talakawa yawa. Sarkin ba abin da ya dame shi sai kiwon agwaginsa. 'Yarsa Gimbiya, 'ya'yan sarakuna na ta zuwa neman aurenta, kowanne ya fi na baya wauta: wani ya suma don ya ga zuma, wani ya zo da waƙar da ya tsara wa gashin bakinsa. Sai kuma mai gadinta, wanda ba ya taɓa cire kwalkwali daga kansa, wai alwashi ya ɗauka. Sunansa ya ƙi zama a bakin kowa, muka sa masa Mai Takobi. Wata agwagwa ta haɗiye zoben sarauta, aka tura Gimbiya da Mai Takobi su bi ta daji, suna tafe suna faɗa, kowa ya san inda faɗan zai ƙare. Ɗakin nan da ba ka jin komai sai nishi, sai ga mata na dariya suna riƙe ciki. Masu jinya suka fara jawo tabarmi kusa. Falmata ta sha kunu rabin kofi bai dawo ba.

Na tambaye ta me take samu a irin wannan shirme, mace da girmanta. Ta ce tana da irinsu sun fi a ƙirga, kuma wannan ta karanta shi har ta kusa haddacewa.

"Yaya, a can babbar masifa ita ce agwagwa ta gudu. Tun shafin farko kin san ba wanda za a kashe, ba wanda za a kora daga gida. Kuma da nisa, zamanin da, ƙasar da babu ita. Ba wanda zai nuna ki ya ce da ke ake."

Ban fahimci ƙarshen maganar ba, na ɗauka zafin ciwo ne.

A mako na uku muka iso babin da ruwa ya tare Gimbiya da Mai Takobi a wata bukka. Idona yana gaba da bakina da layi biyu ko uku, shi ya cece ni. Mai Takobi ya cire kwalkwali, gashi ya zubo, ashe mace ce, ta sa sulken yayanta ne. Gimbiya kuwa ta ce ai tun ranar farko ta sani, ta matso ta sumbace ta. Mata sun fi goma sun zuba min ido, ga nas a bakin ƙofa ita ma ta tsaya ji. Na san garinmu, na san abin da kalma ɗaya za ta iya jawo wa mutum a cikinsa. Sai na yi tari, na ce ya cire kwalkwali, ga shi kyakkyawan saurayi, ya riƙe hannunta. Ɗaki ya ɗauki shewa. Falmata ta rufe ido.

Daga nan aiki ya same ni. Duk inda littafi ya ce ta, ni in ce ya. Inda suka yi musayar riguna na tsallake. Na zo inda Gimbiya ta zaunar da Mai Takobi tana yi mata kitso, shafi guda cur, na haure shi kamar kwata. A nan Falmata ta yi magana, idonta a rufe.

"Kin tsallake kitson."

"Ba shi da muhimmanci," na ce.

"Haka ne. Bar shi haka, Yaya. Na gode." Ta juya ta fuskanci bango. Can na ji ta ce a hankali, "Ko a tatsuniya ma babu wuri."

Washegari aka zo ɗaukarta wanki na biyu ta ce ba za ta ba. Ba kuka, ba faɗa, ta ce ta gaji, a bar ta ta koma gida. Likita ya zauna a bakin gadonta ya yi bayani har ya gaji, ya ja ni gefe ya ce ba zai iya ɗaure babbar mace ya kai ta inji ba, kuma kwanakin da suka rage mana ba su da yawa. Na roƙe ta. Na yi mata faɗa. Na tuna mata 'yan kunnen mamarmu, abin da bai kamata in yi ba. Na kira malaminmu ya yi mata nasiha ta waya, ta saurara da ladabi ta ce Allah ya saka. Numfashinta ya fara wari, shaƙuwa ta kama ta ba tsayawa, ta fara kiran sunana alhali ina gabanta. Ni kuwa ƙafata ta ƙi zama wuri ɗaya. In je masallacin mata in kasa gama addu'a, in dawo, in je wurin sayar da magani ba tare da takarda ba, in tsaya ina kallon mai shagon. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, kuma haushinta nake ji, har ina jin kamar in girgiza ta.

A irin wannan yawon na tsinci kaina a gindin darbejiya gaban Zara. Ta rame ita ma. Na gaya mata Falmata ta ƙi wanki, na ce tun da na karanta mata wani littafin banza ta juya min baya.

"Na agwagwa?" ta ce. "Tare muka karanta shi a shago. In kasuwa ta yi sanyi ita ke karantawa, ni ina daka sandal." Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. "Kin kai wurin bukkar?"

Na ce na kai, na kuma gyara shi.

Ta ɗago, idonta ya cika. "Malama, ba da gangan ta ba ki wannan ba kike gani? Tana da wasu da yawa a wayar. Shekara da shekaru tana son ta yi miki magana. Tsoronta kar ki gyara ta yadda kike gyara kowa."

Na dubi fulas ɗin da ke cinyarta, na tuna ba ranar da ta fasa zuwa, na tuna yadda idon Falmata ke komawa ƙofa duk lokacin ziyara. Sai na ji kunya ta rufe ni, wai ni mai gane kuskuren harafi ɗaya daga ƙarshen aji.

Bari in faɗi gaskiya, don ban zo nan in ba da fatawa ba. Ni Musulma ce, na san abin da aka karantar da ni, kuma har yau akwai tambayoyin da nake kaiwa kan sallaya in dawo da su yadda na kai su. Amma ranar ba tambaya ce a gabana ba. Ƙanwata ce da na goya a bayana take mutuwa a kan gado, tana ganin in ta rayu ma babu inda za ta tsaya a wurina.

Na koma ɗaki bayan la'asar, lokacin ziyara, ɗaki cike. Gwaggo na zaune a kujerar roba tana jan carbi. Na so in jira ta tafi, sai na dubi yadda ƙirjin Falmata ke hawa da sauka na ga jira ba nawa ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ɗauki wayar na zauna a bakin gado.

"Yawwa!" in ji Hajja Kaltum. "Kwana biyu ka bar mu a daji da agwagwa."

Na koma shafin da na haure. Na ce, "Gimbiya ta zaunar da Mai Takobi a gabanta, ta warware mata gashi. Mai Takobi ta ce ita ba ta saba a taɓa mata kai ba. Gimbiya ta ce to yau za ta saba."

Carbin Gwaggo ya tsaya. Na ci gaba. Ta yi dariya, ta kama hannunta, ta ce mata ko zobe ya fito ko bai fito ba ita ta samu abin da ta fito nema. Ban rage ta ko ɗaya ba.

"Ke Bintu!" Gwaggo ta katse ni. "Mai Takobin nan ba namiji ba ne? Me nake ji, ta, ta, ta? Malamar Hausa guda! Jinin uwarki ne ya motsa yau? Kuma wane irin namiji ne ake yi wa kitso?"

Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba, sai Hajja Kaltum ta yunƙura a kan matashinta.

"Hajiya, ka bar yarinya! Kwana nawa bai yi barci ba? Mu haka muke magana tun kafin a haifi Kano, kuma ba mu taɓa ɓatan miji a kasuwa ba. Kitso kuwa, samarin Fulani ba ka gani ba?" Ta juyo gare ni, ta tsura min ido fiye da yadda ya kamata. "Malama, karanta yadda ya zo. Mu muna ganewa."

Dariya ta ɓarke, har nas. Gwaggo ta yi tsaki ta ce dama an ce kowa ya daɗe a Borno sai harshensa ya karye. Na sunkuyar da kai na ce gajiya ce, Gwaggo, na ci gaba da ta ɗina har ƙarshen babin.

Da aka kaɗa ƙararrawar tashi, masu ziyara suka watse, Falmata ta juyo daga bango. Leɓɓanta sun bushe, sai da na kai kunnena kusa.

"Yaya, kuskure kika yi?"

Na ce, "Shekara nawa kika san ni? Ni ba na kuskuren ya da ta."

Ta daɗe tana kallona da idanun da ba sa gani sosai. Hawaye ya gangaro ya shige kunnenta. Ta ce, "Ki gaya wa likita a kai ni." Na miƙe har ina tuntuɓe da bokiti, ta riƙo zanina. "Tana waje?"

Na ce tana waje. Na fita da kaina na kamo hannun Zara, mai gadin ƙofa ya ce lokaci ya wuce, sai dangi. Na ce masa dangi ce.

An yi mata wanki a ranar, aka sake, aka sake. A mako na biyar na leƙa ledar nan na ga ruwa rawaya ya taru a gindinta. Ban taɓa zaton zan yi guɗa saboda fitsari ba, amma na yi, matan ɗaki suka taya ni. Ƙodar ta farfaɗo kamar yadda likita ya yi fata, idonta ya washe, aka zare bututun wuya. Hajja Kaltum ba ta fita ba. Ta rasu mako guda kafin a sallame mu, bayan ta ji yadda aka yi da agwagwa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ban taɓa tambayarta abin da ta gane ba.

Abin da zan roƙe ku, kar ku sha ƙwayar kashe ciwo kamar abinci, kar ku ɗora jiƙon da ba ku san abin da ke cikinsa ba a kan zazzaɓi, ko wa ya kawo shi. In ƙafa ta kumbura fitsari ya ragu, ku nufi asibiti a ranar. Kuma ba kowane wankin ƙoda ne na har abada ba, ku tambayi likita, ku bar 'yan baranda. Ina godiya ga likitan nan da nas mai neman jijiya da matan ɗakinmu. Mai tsawa kuma na yafe mata, amma ta gyara.

Falmata ta koma shago, an dai hana ta tsayuwa a kan hayaƙi, Zara ke yi. Ba mu sake tayar da maganar ba ni da ita. Gwaggo ce ba ta bari ta mutu ba. Duk biki, duk suna, sai ta tara mata ta ba su labarin ranar da malamar Hausa ta kasa bambance namiji da mace, ta kwaikwayi muryata, a yi ta dariya har da tafi. Falmata kuwa da kwalbarta tana zagawa da humra, da ranta, da ƙafafunta cikin takalmi. Ni ma dariyar nake yi. Ban taɓa gyara wa Gwaggo ba.